Lemon Baba da Tokar Inna

Mahaifina ma'aikacin daji ne. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana gadin itatuwan gwamnati, daga Kazaure zuwa Roni, daga Roni zuwa Gwiwa, a kan keke, sanye da gajeren wandon kaki wanda Inna ba ta taɓa yafe wa wanda ya ƙirƙiro shi ba. Ya san maƙiyan bishiya kaf, ko daga barci aka tashe shi zai lissafo su: gatari, gobarar daji, akuya, mace mai neman itacen girki, da makiyayin da ke hawa gawo da rani ya sassabo wa shanunsa ganye. Duk maƙiyan nan manya ne, ana hango su daga nesa, wasu ma ana iya riƙo hannunsu a kai su gaban mai gari. Baba bai yarda akwai abin da zai kashe bishiya shi yana zaune a gindinta bai gan shi ba.

A shekarar da aka samu 'yancin kai ya dawo gida da wani ɗan dashen lemun zaƙi a ɗaure a bayan kekensa. Ina 'yar shekara bakwai ko takwas. Ya tara mu ya yi mana bayani kamar yana gaban hakimi. Ya ce wannan ba irin lemon da kowa ya sani ba ne, mai aure ne. Saiwar da gindin na lemun tsami ne, mai jure wahala da ƙishirwa, sai aka ɗaura masa reshen mai zaƙi a sama. Ya nuna mana ɗan ƙullin da suka haɗu, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Ya haƙa rami a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Inna, ya dasa, ya wanke hannu, ya hau keke ya tafi rangadin kwana goma. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai wa ya taɓa ganin lemo a kan dutsen unguwarmu. Ban-ruwa dai ya faɗa wuyan Inna, safe da yamma, rani da damina. Shi ya dasa, ita ta raya, amma duk unguwa lemon Malam suke cewa, mu kuma a gida lemon Baba.

Sai dai yadda Inna take kula da bishiyar nan ya hana su zaman lafiya. Kullum da safe, kafin a hura wuta, za ta kwashe tokar murhu ta zagaye gindin da ita, sauran ta kwaɓa da ruwa ta shafe jikin itacen har zuwa gwiwar mutum. Ranar wanki kuwa ba ta zubar da ruwan sabulun salo a makwarara kamar kowace mace. Sai ta ɗebo shi da ƙoƙo ta riƙa watsawa sama cikin ganyen, har ya riƙa ɗigowa. Baba in ya dawo ya tarar da lemonsa ya yi fari fat kamar wanda ya kwana a murhu, sai ransa ya ɓaci.

"Wai ke, bola kika mayar da bishiyar nan? Duk faɗin gidan nan ba ki ga wurin zubar da shara ba sai nan? Ni da gwamnati ta ɗauka don na san itace, a gidana ake yi wa itace wanka da dauɗar tufafi?"

Inna sai ta ce, "To, Malam, an bari." Gari na wayewa ta sake.

Da na ɗan tasa, aikin tokar ya dawo kaina, kuma ba ni da aikin da na tsana kamarsa. Toka a ido, toka a kitso, toka a zanen makaranta. Duk lokacin da Baba ya fara faɗan nan, a zuciyata ina bayansa ɗari bisa ɗari. Akwai kuma aikin Juma'a. Inna takan daka gumbar sadaka ta raba wa yaran unguwa, sannan ta gutsuro kaɗan ta ba ni, ta ce in fita ta bayan gida, in wuce katanga, in je can wajen wani faffaɗan dutse in marmasa wa tururuwa. "Su ma bayin Allah ne," in ji ta, "amma kai musu can." Tafiyar da nisa, ga ƙaya. Na yi ta ƙunƙuni shekara da shekaru, amma ban taɓa buɗe baki na ce don me sai can ba.

Lemo kuwa ya yi abin mamaki. Ya girma ya rufe rabin tsakar gida, yana zuba 'ya'ya manya masu ruwa. Baba ya riƙa cika kwando yana kai wa manyan gari, yana yi musu bayanin zurfin ramin da ya haƙa da irin ƙasar da ya zaɓa. In sun yaba, ya dawo gida yana sheƙi, ya ce da Inna, "Kin gani? Duk da ɓarnar da kike yi masa." Ita kuma ta ce Allah ya ƙara albarka.

Inna ta rasu bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, ciwon kwana shida. Lokacin na yi aure, ina koyarwa a wata firamare a Babura, Baba kuma ya ajiye aiki. Bai yi kuka a gabanmu ba, bai kuma sake aure ba. Matar ƙanena ce ta ci gaba da kula da gidan. Abin da Baba ya yi shi ne ya ɗauko duk abin da ke ransa ya juye a kan bishiyar. Ya kafa doka: daga yau ba toka, ba ruwan wanki. Ruwan rijiya tsarkakakke za ta sha, shi da kansa zai jawo. Ya share gindin tas, ya shimfiɗa buzunsa a wurin, can yake lazimi, can yake karɓar baƙi. Sannan ya ce sadakar tururuwa ta ranar Juma'a ba za ta tsaya ba, amma ba ya ganin dalilin kai ta bayan gari. A gindin lemon za a riƙa zubawa, inda marigayiya ta fi tsayawa, ladan ya isa gare ta kai tsaye.

Shekarun ne kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa. Ƙanena ya samu aiki a Kano, duk wata yana aiko da kwalayen sukari mai ƙwaya. Gumbar da Inna take yi da ɗan zaƙi kaɗan, ta Baba sai ta koma kusan alewa. Ni da na zo hutu na ga tsarin nan, daɗi ya kama ni har na yi hawaye. Na koma na ce da maigidana ban taɓa sanin Baba yana son Inna haka ba. Na kuma ji wani sanyi a raina cewa an daina wahalar da kowa da toka.

Hutun da ya biyo bayan damina ta biyu da rasuwar Inna, na shigo gida na zauna a tabarma, da zan tashi sai zanena ya manne. Na ɗaga kai. Ganyen lemon yana ta ƙyalli da wani danƙo, irin darɓar da ke kama dawa, wasu ganyen kuma sun yi baƙi kamar an shafa musu kunkunniya. Sababbin tofon sun nannaɗe. 'Ya'yan suna faɗowa tun suna ƙanana. A ƙarƙashin ganye da mahaɗar rassa akwai wani farin abu cunkus, kamar an yayyaga auduga an liƙa. Na sa farce na kankaro kaɗan. A ciki akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai taushi, bai kai kwarkwata ba, ko motsin kirki ba ya yi. Ya kafa baki a jikin reshe yana tsotsa, shi ke nan aikinsa.

Na nuna wa Baba. Ya sa tabarau ya duba, ya yi tsaki.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan abin da ko ƙafa ba shi da ita shi zai kayar da bishiya? Ai wannan dauɗar ciwo ce kawai. Mai laifin yana nan, zan kama shi."

Bincike ya kankama. Da farko ya zargi akuyar maƙwabcinmu, wadda ba ta taɓa tsallake zaurenmu ba. Daga nan ya koma kan rufin kwanon da maƙwabcin ya yi da kuɗin kwangila, wai zafin rana yake turowa. Ya zargi hayaƙin babur. Ya zargi bakin mutane, har ya rataya laya a reshe. Daga ƙarshe ya gano wasu jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi a baya suna yawo cikin farin abin. Waɗannan dai ana ganinsu ba tabarau. Ya ce alhamdu lillahi, ɓarawo ya shiga hannu. Ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana murtsukewa, yana jera gawarwakin a murfin kwano don baƙi su gani.

Tururuwa kuwa sun yi hanya biyu a jikin itacen, masu hawa da masu sauka, ba dare ba rana. Su ne abin alfaharinsa. "Kin ga ma'aikatana? Dubi yadda suke zuwa kan farin abin suna ci. Sadakar uwarku ce take aiki. Dabba ma ta san alheri." Don ƙarfafa musu gwiwa sai ya ƙara musu albashi. Gumba ta tashi daga Juma'a kaɗai ta koma har da Litinin da Alhamis.

A nan ne ni ma na shigo da nawa ilimin. Ina da takardar shaidar malanta, na karanta kimiyyar gona a aji, ba zan zauna ina kallon laya ba. Na sa maigidana ya aro famfon feshi wurin wani manomin auduga, muka sayo maganin ƙwari a gwangwani mai hoton ƙoƙon kan mutum. Na ce da Baba zamani ya canja. Ya ce tunda na gwamnati ne a gwada. Aka yi feshi har sai da kowa ya fita daga gidan yana tari. Washegari muka share gindin: gawarwakin jajayen ƙwarin nan birjik, ƙudan zuma, gizo-gizo, har da ƙadangaru biyu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tururuwa suka shige rami suka yi kwana uku, suka fito. Masu farin bargon kuwa maganin bai ko jiƙa su ba. Kafin wata ya zagayo sun ninka. Na yi nazari irin na masu ilimi, na ce maganin ne ya yi kaɗan. Muka sake, da hannu mai nauyi. Rabin ganyen ya zube.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga sallamar Goggo. Bafulatana ce mai tallar nono daga wata ruga a hanyar Roni, ƙawar Inna tun ina goye. Tun ta'aziyya ba ta sake shigowa ba. Tsakaninta da Baba akwai tsohuwar tsama, domin ya taɓa ƙwace gatarin mijinta a kan gawo, kuma ba ta bari ya manta ba ko sau ɗaya. Ta sauke ƙwarya, muka gaisa, ta yi wa Inna addu'a. Sai ta ɗaga kai ta dubi bishiyar, ta yi salati. Ta matsa kusa, ta tsuguna, ta daɗe tana bin layin tururuwa da ido daga tulin gumba har sama. Can sai ta kama baki tana dariya.

"Malam, ashe kai ma ka fara saukar makiyaya? Mu ka kore mu daga daji, waɗannan ka ba su masauki a tsakar gida har da abinci?"

Baba ya haɗe rai. "Wane irin makiyaya kuma? Waɗannan gadi suke yi mini."

"Gadi suke yi, gaskiyarka, amma ba kai suke yi wa ba. Waɗancan fararen shanunsu ne. Ba cinsu suke ba, tatsa suke. Ni da na tashi a gindin saniya ba zan kasa gane mai tatsa ba. Sa madubin idonka ka duba da kyau."

Baba ya so ya ƙi, amma ta riƙo reshe ta kawo masa har gaban hanci. Ni ma na leƙa. Tururuwa ta zo kan ɗan farin ƙwaron, ta shafa shi da gashin kanta, ta sake shafawa. Sai ga wani ɗan ɗigon ruwa ya fito ta bayansa. Ta shanye, ta wuce na gaba. Goggo ta nuna mana wata tana ɗauke da ƙaramin a baki, tana hawa da shi wani sabon tofo da bai kamu ba.

"Ka gani? Makiyaya ta ƙare a nan, an tashi da maraƙi zuwa inda ciyawa take. In kuma jan ƙwaron nan ya zo cin shanun, su taru su kore shi, don shi ne kurarsu. Ina suke ma? Ban ga ko ɗaya ba."

Baba ya kawar da kai. Murfin kwanon da yake jera gawarwakinsu yana nan a gefen buzu.

Ta dubi gindin bishiyar da aka share fes, ta dubi jikin itacen. Dariyar ta ɗauke.

"Ina tokar?"

Baba ya ce, "Na hana. Ƙazanta ce."

"Ruwan sabulun fa?"

"Shi ma."

Goggo ta tafa hannu a hankali. "Wayyo ƙawata. Malam, tururuwa ba ta son taka toka. Ruwan sabulu kuma shi yake wanke waɗannan tun suna biyu uku, kafin su zama garke. Abincin da take aikawa can bayan katanga, don su zauna can ne su bar mata bishiya. Tun shekarar farko ta ga abin nan, ni da ita muka tsaya a nan muna kallo. Shekara nawa tana tare maka su."

Baba ya cire tabarau, ya riƙe a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ta taɓa gaya mini ba."

Goggo ta ce, "Ka tambaye ta?"

Ni dai kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, domin tambayar ba Baba kaɗai ta sama ba. Shi rangadi yake tafiya. Ni ce na ɗauki tokar nan da hannuna shekara bakwai, ni ce na taka ƙaya zuwa dutsen nan, ina ganin Inna mace ce mai son wahalar da mutane. Na je kwaleji na dawo da gwangwani mai ƙoƙon kai. Goggo ta auna mana nono, ta ɗauki ƙwaryarta, ta yi sallama. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan gatarin mijinta ba, kuma ina jin wannan ya fi yi wa Baba ciwo.

Da asuba na fito alwala na tarar da shi tsugune a bakin murhu da kasko, yana kwasar toka. Matar ƙanena ta tsaya a gefe ta rasa yadda za ta yi, tana ta cewa, "Baba ku kawo, don Allah ku kawo." Bai ko ɗago ba. Ya zagaye gindin, ya kwaɓa sauran ya shafe itacen, toka har gemu. Ya sa aka yi wanki ba ranar wanki ba don a samu ruwan sabulu. Ranar Juma'a ya ce in nuna masa dutsen. Muka tafi tare, yana dogara sanda, ya marmasa gumbar da kansa.

Amma an makara. Kafin bazara ta ƙare rassan sun bushe ɗaya bayan ɗaya, ɓawon ya tsattsage har ƙasa. Dole a sare. Sai aka tuna gidanmu babu gatari, domin Baba ya haramta shi tun yana aiki. Ya hana a aro a unguwa, kada a ji. Labari dai ya kai ruga, ranar kasuwa Goggo ta zo da gatarin mijinta a naɗe cikin buhu, ta ce yana gaisuwa, ya ce a yi aiki a hankali, ba gaggawar mayarwa. Baba ya karɓa ya ce a yi masa godiya. Shi ya sare da hannunsa, bai bar ƙanena da ya zo daga Kano ya taɓa ba. Ya yini yana yi, yana hutawa. Abin da ya rage ɗan kututture ne, daidai ƙullin nan da ya nuna mana muna yara.

Da ruwa ya sauka, kututturen ya yi tofo ta ƙasan ƙullin. Tofo mai ƙarfi, mai manyan ƙaya. Ni da ba na daddara, na sake zuwa da shawara.

"Baba, kun san wannan ba mai zaƙin ba ne. Na ƙasan ne ya fito, tsami zai yi. Yanzu ana raba dashe mai aure kyauta, ku bari in kawo muku sabo a tumɓuke wannan."

Ya ce, "Uwata, ni na koya miki wannan karatun. Na sani." Ya gyara tokar da ke gindin da tafin hannu. "Sabon da za ki kawo bai san uwarku ba. Wannan saiwar ita ta sha ruwan hannunta."

Shekara huɗu yana yi mata hidima irin ta Inna, ba fashi, har gwiwoyinsa suka daina yarda da tafiyar dutse ya koma aikawa. Ta yi 'ya'ya, ƙanana, masu kaurin ɓawo, tsami kamar ya cire haƙori. Ba a kai wa manyan gari ko ɗaya ba. Mata ne suke aiko yara a tsinko musu na kunu.

Ina gida wata rana wani tsohon abokin aikinsa ya zo gaishe shi. Ya zauna a inuwar, ya ɗaga kai ya ce, "Kai, lemon Malam ya dawo da ransa!" Baba ya tsinko ɗaya, ya yanka, ya miƙa masa rabi. Mutumin ya lasa, fuskarsa ta tattare. Baba ya tsotse nasa rabin har ƙarshe, bai ko yamutsa fuska ba.

Ya ce, "Nawa ya mutu, ni na kashe shi. Wannan na uwarsu ne."

Shekara ashirin da ɗoriya Inna ba ta samu sunanta a kan bishiyar nan ba, sai da zaƙin ya ƙare. Baba ya miƙo mini kaskon, ya ce in duba ko murhu ya huce.